Takalmin birki: a Ingila awo ake yi, a gida kuka ake jira

A gida, mai jif ba ya tuna takalmin birki sai ya ji ƙarfe na cin ƙarfe. Nan Ingila kuwa, mota in ta cika shekara 3 sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, kuma in kaurin takalmin ya gaza milimita 1.5, ta faɗi. Sabo yakan zo da milimita 10 zuwa 12, kuma gareji mai hankali tun a 3 zai ce a canza. Wannan ɗabi'ar awon ita nake so mu ɗauka. Highlander cike da iyali da buhun shinkafa a baya tana cin birkin gaba fiye da ƙaramar mota, nesa ba kusa ba.

Ba komai nasu ne abin koyi ba. Kuɗin aiki a nan ya yi tsada, shi ya sa sau da yawa ake haɗa faranti, wato faifan ƙarfen da takalmin ke matsewa, da takalmi a zubar tare. Bakanikenmu na Ƙofar Ruwa a Kano ya fi su tattali. Amma ya duba: a jikin farantin an buga mafi ƙarancin kaurinsa. In ya gaza haka, a canza shi; in kuma ya yi zurfin tsagi, sabon takalmi ba zai zauna daidai a kai ba.

Inda muke yawan kuskure shi ne canza ɓangare ɗaya. Hagu da dama tare ake canzawa, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe. Sannan a zare sandunan nan biyu da kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin a jikin faranti, ke zamewa a kansu, a goge, a shafa giris na birki. Nan gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi ke sa su tsatsa, can gida ƙura ce da robar da ta yage. In suka maƙale, takalmi ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa na nan kamar sabo.

Man birki ma yana shan ruwa daga iska, don haka duk shekara 2 a sauya shi da irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Jif mai birkin hannu na lantarki kuwa, kada a tura fistin kalifar baya da ƙarfi sai an saki ƙaramin injin lantarkin birkin tukuna. Bayan an ɗaura taya, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.