Maganin da babu shi a kowane kemis

Ina goyon bayan malaman fannin harhaɗa magunguna da ke ƙirƙiro maganin da babu shi a duniya su kawo wa ɗalibai a jarrabawa. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, ga magungunan gaske birjik ba a gama karantawa ba. Ban yarda ba.

Ka ce wa ɗalibi "propranolol", wani maganin hawan jini da zuciya, nan take zai zubo maka amfaninsa da illolinsa, hadda ce zalla. Amma bari malam ya zana wani sinadari a allo ya sa masa suna Magani X, ya ce rabinsa na barin jini duk bayan awa 6, ƙoda ce ke fitar da shi, ga kuma dattijo mai ciwon ƙoda, yaya za ka ba shi? Nan ido ke raina fata. Babu tsohuwar takardar jarrabawa da za ta cece ka. Dole ka lissafa da kanka cewa a jikin mai lafiya, bayan awa 24 saura kashi 1 cikin 16, a jikin dattijon nan kuwa taruwa zai yi.

Kuma wasan sauya gefe ɗaya na sinadari a ga abin da zai faru shi ne ainihin sana'ar. Kodin, wanda Najeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ɗan guntun sinadari guda da ake kira methyl ne ya raba shi da morphine, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Hanta ce ke cire methyl ɗin da wani sinadarinta mai suna CYP2D6, kodin ya koma morphine, kuma ƙarfin wannan aiki ya bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa wani ya sha bai ji komai ba, wani kuma numfashinsa ya yi ƙasa. Asfirin ma haka kamfanin Bayer ya samar da shi a 1897, wani guntun mai suna acetyl aka liƙa wa tsohon maganin zafi salicylic acid. Wanda aka saba tambayarsa "idan na ƙara wa X wannan, zai ratsa ƙwaƙwalwa?" ba zai sha mamakin waɗannan ba.

Inda nake da ja shi ne, Magani X ya cika ladabi, duk abin da malam ya ce shi yake yi. Thalidomide, maganin da aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya, bai yi haka ba, sai da aka haifi dubban jarirai da nakasa kafin a janye shi a 1961. Don haka kada X ya wuce aji, a asibiti na gaske za a koya.

Malamai kuma don Allah ku riƙa rubuta "ƙirƙirarre ne" ɓaro-ɓaro a saman takardar. Hoto ɗaya ya isa ya shiga WhatsApp, gobe a wayi gari ana neman X a kasuwar Sabon Gari.