Intalok ɗin tsakar gida na cikin abin da ke hana mu barci a bazara

Duk wanda ya taso daga Nasarawa GRA a Kano da la'asar a watan Afrilu ya shiga Fagge ko Sabon Gari, jikinsa zai gaya masa iska ta canza. Rana ɗaya ce a kan unguwannin nan. Can dai akwai manyan itatuwa da filin ƙasa, nan kuwa kwalta ce da siminti da kwano.

Siminti da kwalta suna shan zafi tun hantsi, su riƙe shi, sai bayan magariba su fara sako shi. Shi ya sa har ƙarfe 11 na dare bango ke da ɗumi, fanka kuma na kaɗa iska mai zafi. Itace kuwa aiki biyu yake yi. Inuwarsa na hana ƙasa da bango gasuwa, har daɓen da ke inuwa kan fi na rana sanyi da fiye da digiri 10. Sannan ganye na fitar da ruwan da saiwa ta jawo, wannan ruwa kuma sai ya ɗebi zafi daga iska kafin ya bushe, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. A ma'aunin zafin iska ragin bai cika wuce digiri 2 ko 3 ba, amma ranar da zafi ya kai digiri 42, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga tsoho da jariri.

Abin da ke damuna shi ne yayin da ake yi yanzu: a sare darbejiyar ƙofar gida a fitar da shago, a malale tsakar gida da intalok, wato ƙananan bulon siminti na daɓe, daga bango zuwa bango. An kuɓuta daga shara da caɓi, an gayyato zafi, har maƙwabta ma ya shafa.

Mai son gyara ya dasa itace a yammacin gida, domin ranar la'asar ce ke gasa ɗakin kwana. Darbejiya, mangwaro ko maɗaci. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ɗanye yana ƙona saiwa. A ba da tazarar aƙalla mita 4 daga bango da ramin masai, in ba haka ba saiwa za ta bi danshi ta fasa su. A dasa a watan Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna. Itacen turare kam ban ba da shawararsa ba: shan ruwa da yawa, inuwa kaɗan.

Yawancin dashe a ranin farko yake mutuwa, ko awaki su cinye shi ko ƙishirwa ta kashe shi. A kewaye shi da keji, a zuba masa jarka mai lita 20 sau biyu a mako har rani biyu. Idan intalok ya zama dole, a bar ƙasa buɗe, mita ɗaya kewaye da gindin itacen, don ruwan sama ya isa saiwa.