Kansilolinmu na ƙirga ziyara, ba sa ƙirga fuskoki

Shekara ta uku ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a wani gari na arewacin Ingila. Daren jiya na je zaman kwamitin sa ido na ƙaramar hukumarmu, inda kansiloli ke titsiye jami'ai kan yadda ake kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Ƙofar a buɗe take ga kowa, amma mu uku ne kacal a kujerun jama'a. Na dawo gida raina a jagule.

Ga waɗanda ke gida, aikin nan ba na NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ba ne, kuma ba kyauta ba ne. Dokar kulawa ta 2014 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tantance duk baligin da ake ganin yana buƙatar taimako. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Sauran kuwa, galibi hukuma ce ke sayen awanni daga kamfanoni, kamfanonin su tura irinmu.

Jami'ai sun zo da jadawali mai kore da rawaya da ja. Mutum nawa aka tantance, nawa ke jira, ziyara nawa aka kai. Kore ya fi yawa, kansiloli suka gyaɗa kai, aka wuce batu na gaba.

Ni kuwa wata tsohuwa nake tunawa, mai ciwon mantuwa, wadda nake zuwa wurinta da safe. A makon da ya wuce na duba littafin da muke sa hannu a ɗakin girkinta, na ƙirga sunaye tara. Mutum tara, kowanne da mabuɗin ƙofarta, kowanne zai tuɓe mata kaya ya yi mata wanka. Baiwar Allah ba ta gane kowa, sai ta ƙanƙame rigarta tana kuka, ta ƙi abinci, ta ƙi magani. A jadawalin kansiloli duk ziyarar nan kore ce, tunda an je. Wallahi da kakata ce ake yi wa haka, da ban runtsa ba. Tun 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya da kulawa, ta ba da shawarar kada ziyara ta gaza minti 30 sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma a riƙa tura ma'aikatan da mutum ya saba da su. Ban ji kansila ko ɗaya ya tambayi wannan ba.

Wani zai ce ai akwai CQC, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lafiya da kulawa. Gaskiya ne, dokar 2022 ta ba ta ikon auna ƙananan hukumomi 153 da ke da wannan nauyi, ta kuma fara a ƙarshen 2023. Na yi murna da hakan. Sai dai ita kanta, binciken Dakta Penny Dash a 2024 ya gano manyan giɓi a aikinta. Kuma mai duba gari baƙo ne, zai zo ya tafi. Kansila kuwa ɗan unguwa ne, da ƙuri'ar tsofaffin nan ya hau kujera.

Na san kuɗi sun yi ƙaranci, kuma kwamitin Louise Casey, wanda gwamnati ta kafa don nazarin gyara tsarin kulawa, ba zai kammala aikinsa ba sai 2028. Amma tambaya ba ta cin ko sisi. Fuskoki nawa ke shiga gidan mutum ɗaya a mako? Ana biyan ma'aikaciya lokacin da take kan hanya tsakanin gida da gida? In kansila ɗaya zai bi ni zagayen safe daga ƙarfe bakwai, zai koma zauren da wasu tambayoyin daban.

Na rubuta wa kansilar mazaɓata da asubar yau. 'Yan'uwa masu wannan aiki, ranar zama na gaba tana shafin ƙaramar hukumarku, ku duba.