Mu Mutanen Mararaba, Laifin Me Muka Yi?

Wai don Allah wa ya yanke hukuncin cewa duk mai kwana a Mararaba yana aiki a cikin Abuja sai ya bar rabin rayuwarsa a kan titi? Daga gadar Mararaba zuwa shataletalen AYA ba wata tafiya ba ce idan hanya a sake take. Amma ita ce mutum zai sallame sallar asuba a gurguje ya fito dominta, kuma rana ta same shi a Nyanya yana shaƙar hayaƙin tirela. Da yamma a sake sabon lale, tun daga Kugbo motoci sun yi cirko-cirko. Akwai magidantan da sai ranar Asabar 'ya'yansu ke ganinsu ido biyu.

Kuma fa mu ne masu riƙe da birnin. Masu gadi, direbobi, masu shara, ƙananan ma'aikatan sakatariya, mahauta, 'yan kasuwar Wuse. Kuɗin haya ne ya koro mu zuwa Mararaba da Ado da Masaka, ba son ƙauye ba.

A 2006, lokacin El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka hana acaba a tsakiyar birni. A 2013 aka bi da ƙananan bas-bas ɗin nan da muke kira araba. Duk lokacin da za a hana, zancen ɗaya ne, wai manyan motoci na nan zuwa masu ɗaukar kowa cikin mutunci. To ina suke? Wadda ta samu fitowa, kafin ta gama tsayawa an yi mata caa, mai jin ƙarfi ya shige, tsohuwa da mai goyo su koma gefe suna kallo. Sauranmu sai ƙananan motocin haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwarka na gogar giya. Kwandasta ba ya da canji sai baƙar magana. Hadari na haɗowa kuɗin mota ya tashi, ka ce uffan a ce maka, "Malam, sauka, akwai mai shiga."

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa abin ya wuce misali. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Kowa ya yi lissafin zuwa da dawowa na wata guda ya faɗa mini me ya rage na cefane. Wannan matsin ne ke sa mutum faɗawa duk motar da ta tsaya, ko fenti babu, shi ya sa 'yan wan-cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya, ke cin karensu ba babbaka. Su ƙwace waya, su yashe asusu, wani su turo shi ƙasa mota na gudu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jirgin ƙasa. Buhari ya ƙaddamar da jirgin cikin birni a Yulin 2018, korona ta tsayar da shi a 2020, ya yi ta kwanciya har sai Mayun 2024 da Tinubu ya sake buɗe shi. Madalla. Amma ina yake zuwa? Daga tsakiyar birni zuwa Idu da filin jirgin sama, wani reshen ya nufi Gbazango ta wajen Kubwa. Ban yi wa mutanen can hassada ba, Allah ya sanya alheri. Sai dai ɓangaren da ya fi ko'ina cunkoson jama'a, wato hanyar Kefi da ta ratsa Nyanya da Mararaba, ko ƙarfen dogo ɗaya ba a shimfiɗa ba. Wanda zai hau jirgin sama an sauƙaƙe masa, mai goge masa ofis yana Nyanya yana kokawar kujera.

Ga tsakiyar Mararabar kanta. 'Yan tireda sun cinye gefen titi, masu A Daidaita Sahu sun cinye abin da ya rage, 'yan kamasho na lodi a tsakiyar hanya suna dukan bodin mota. Bola ta toshe kwata, ruwan sama kaɗan sai ƙazanta ta malalo kan kwalta. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wurin sa ƙafa. Ba na ganin laifin mai tallan lemo, abinci yake nema, ba a ba shi wani wurin ba. Masu yankar haraji dai ba sa fashi, kullum suna nan da rasit.

Ka kai kuka cikin birni a ce ai Mararaba ƙaramar hukumar Karu ce, jihar Nasarawa. Ka juya Lafiya, babban birnin jihar, a ce ai mutanen nan duk Abuja suke wa aiki. To mu 'yan ina ne? Hukumomin Abuja da na Nasarawa, ku zauna ku biyun ku jawo layin dogo ya bi ta Nyanya ya kai Masaka. Kafin nan a zuba manyan bas masu tsayayyen farashi tun ƙarfe biyar na asuba, a ware musu layinsu, a fitar da masu lodi daga kan titi a gina musu tasha.