Kafin ka sake zagin yaran unguwa, ka ba su Asabar ɗinka

Jama'a ku yi haƙuri rubutun nan zai ɗan yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai. Duk majalisar da ka zauna yanzu hirar ɗaya ce, yara sun lalace, ga ƙwacen waya ga shaye-shaye, a Kano daba, a Bauchi da Jos sara-suka, a Gombe ƙalare, kowa da labarin da zai bayar kuma ban musa ba duk gaskiya ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, a shekarar ne ma aka haramta maganin tari mai kodin. To amma tambayata ga mu manya, mu 'yan shekara 30 zuwa 50 da muke wannan ƙorafin, awa nawa ka taɓa ba yaran layinku waɗanda ba kai ka haifa ba?

Ni dai ina cikin masu taimakawa a ƙungiyar Man O' War, masu kaki da ke horar da yara fareti da tarbiyya, ta wata sakandaren gwamnati, sa-kai ne ba a biyana ko sisi, kuma abin da na gani da idona shi ne wallahi ba yara ne suka yi ƙaranci ba. Yaro zai zo tun rana ba ta fito ba, takalmin kambas ɗin ma na yayansa ne ya ara, bai karya ba, don kawai a ce masa ya shiga layi a busa usur. Manya ne babu. Ƙungiya guda mai yara cike da fili za ka samu malami ɗaya ne ke riƙe da ita, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi aure hidima ta yi masa yawa shikenan ta mutu, ganguna su yi ƙura a sito, yaran kuma ba ɓacewa suke yi ba, suna nan, wani ne dai zai ɗauke su. Shi babban ɗan daba ai yana da lokacinsu, ya san sunan kowa, yana ba su matsayi yana ba su aiki, yana sa su ji cewa su ma wasu ne. Abin da yaro ɗan shekara 14 ke nema kenan, kuma duk wanda ya fara miƙa masa shi zai bi.

Kuma fa ƙungiyoyin nan ba jiya aka fara su ba. Sikawut ta shigo Najeriya tun 1915, shekara takwas kacal bayan Baden-Powell, wanda ya kafa ta, ya yi sansaninsa na farko a Ingila a 1907. Boys' Brigade ta 'yan uwanmu Kirista ta girme ta, a 1883 aka kafa ta a Glasgow. Ita Man O' War sunan wata gaɓar teku ne kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, can wani Bature Alec Dickson ya fara horar da matasa a 1951, daga baya cibiyar ta dawo Najeriya, ga makarantar dutse a Shere Hills ta Jos ga ta ruwa a Apapa, duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san su da hawan igiya da tsallake katanga a sansani. Sannan ga namu na gida da kowa ya sani, 'yan agaji, na Jama'atu da na Fityanu da na Izala, waɗanda in ba su ba ban san yadda za a yi sallar idi ko tafsirin azumi ko a sallami alhazai ba. Gidan a gine yake tun kafin a haife mu, masu zama a ciki su kula da shi ne suka watse.

Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne tunanin sai tsohon soja ko ɗan sanda ne zai iya. Haba. Fareti kashi nawa ne na aikin? Ƙamewa da sarawa da juyawa dama da hagu duk wanda ya sa kai zai koya, su kansu manyan yaran za su koya maka. Abin da ake nema ya fi haka yawa, ana neman wanda zai riƙe rajista ya lura wane bai zo ba sati biyu ya taka har gidansu ya tambaya lafiya, ana neman tela da zai rage wa yaro wandon da ya yi masa yawa, ana neman nas ko ma'aikacin asibiti da zai koyar da agajin gaggawa, makanike, mai walda, malamin lissafi da zai zauna da su kafin jarabawa, direba da zai kai su ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba in za a yi maci a filin wasa. Ko ba ka da sana'ar koyarwa, zuwanka a kan lokaci kowane sati darasi ne, don da yawa cikin yaran nan ba su saba ganin babban da ya ce ƙarfe bakwai kuma ya zo ƙarfe bakwai ba.

Ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne agajin gaggawa, don nan ne kake ganin amfanin ya shiga har cikin gida. Yaron da aka koya wa cewa in an ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi yana zuba kamar minti 20, ba man goge baki ba manja ba ɗanyen ƙwai, in mai farfaɗiya ya faɗi kar a tura masa cokali a baki kar a danne shi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo a kwantar da shi ta gefe in ya lafa, in haɓo ne a sunkuyar da kai gaba a matse hanci ba a ɗaga kai sama ba, in jini na zuba a danne da tsumma mai tsabta, in ƙaninsa na gudawa ya san zai haɗa masa ruwa lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, wannan yaron ya zama abin dogaro a gidansu, kuma shi ma ya san haka, tafiyarsa ma canzawa take. Ku duba yadda muke yi in an yi hatsari a titi, mutum hamsin sun kewaye kowa ya ɗaga waya yana ɗauka ana jan wanda ya karye ta hannu da ƙafa, da a ce cikin hamsin ɗin akwai biyar da suka taɓa shiga irin wannan ƙungiya da rayuka da yawa ba su salwanta ba.

Amma fa akwai waɗanda ni da kaina nake roƙon su zauna a gida. Wanda kaki yake so, yana son ya sa but da bel ya tare hanya yana yi wa 'yan adaidaita tsawa kamar shi ne hukuma, irinsu ne suka ɓata mana suna har mutane ke kallon duk mai yunifom ɗin sa-kai a matsayin ɗan cin zali. Sai mai zuwa da fushin gidansa ya sauke kan 'ya'yan mutane da sunan horo, tsallen kwaɗo cikin rana tsaka, birgima a kwata, mari. Gwale-gwale ba tarbiyya ba ce, yaron da ka wulaƙanta a gaban abokansa abu ɗaya ya koya, shi ne ya jira ya girma ya yi wa na ƙasa da shi. Sai masu zuwa da tunanin wata rana gwamnati za ta mayar da abin aikin albashi, mun ga yadda matasa suka zuba rai a kan Peace Corps, wata ƙungiyar matasa masu kaki, har Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokarta a 2018, in albashi kake nema ka nema a inda ake bayarwa. Ɗan siyasa kuma da ke son yara masu kaki su yi masa layi ranar kamfen, Allah ya kiyaye.

Akwai kuma maganar da ba mu son yi a fili amma dole a yi ta. 'Ya'yan mutane amana ne, kuma duk inda yara suka taru mugu ma yana neman hanyar shiga, don haka ƙungiyar kirki ba za ta karɓe ka don kawai ka zo da fara'a ba, za ta tambayi waye kai, wa ya san ka, mai unguwa ko limami ko fasto ko wurin aikinka wa zai tsaya maka, kuma bai kamata ranka ya ɓaci ba. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kiransa ɗakinsa, ba ya hira da shi a waya da dare, in za a yi zango a kwana sai da takardar yardar iyaye kuma manya su kasance aƙalla biyu. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce gare ka kai ma.

Iyaye na kan ji suna cewa za a mayar musu da yaro soja, ko zai rasa Islamiyya. Ba a ba kowa bindiga, kuma lokaci abu ne na shiri, a zauna da malaman Islamiyya a raba, in lokacin sallah ya yi a tsaya a yi sallah, mun yi kuma ya yiwu. Inda muka fi rauni shi ne ɓangaren 'yan mata. Uba ba zai bar 'yarsa ta je wurin da duk masu horarwa maza ne ba, kuma ina bayansa ɗari bisa ɗari, to amma ina matan? Yayyenmu da ƙannenmu malamai da nas-nas da suka yi Girls' Guide ko Red Cross a makaranta, don Allah ku dawo, yarinya za ta yi komai da hijabinta da dogon wandonta in dai akwai babbar mace a wurin da iyaye suka yarda da ita.

Ba zan ce muku babu wahala ba. Za ka rasa baccin safiyar Asabar, wani ɗaurin auren sai dai ka je a makare, kuɗin ruwan leda da bandeji sau da yawa daga aljihunka zai fita, kuma akwai yaron da za ka yi ta fama da shi ƙarshe ka ji an kama shi, ranar ba ka iya cin abinci. Fareti ba ya maganin talauci, ba ya samar da aikin yi, wannan nauyin gwamnati ne kuma ba mu sauke mata ba. Amma yawancinsu suna tsayawa, suna gama makaranta, wasu su dawo su riƙe na bayansu.

In ka ji a ranka za ka iya, ka je sakandaren da ta fi kusa da kai ka nemi shugaban makaranta ka tambaya wane malami ne ke riƙe da kadet ko Sikawut ko Man O' War ko Red Cross, ko ka je masallacin Juma'arku ka nemi kwamandan 'yan agaji, ko cocinku ka nemi kyaftin ɗin Brigade. Kar ka ɗinka kaki tukuna. Ka fara zuwa kallo na 'yan makonni, ka ga yadda suke mu'amala da yaran, ka tambaya ko suna da rajista da uwar ƙungiya ta jiha da kuma horon da ake ba manya, sannan ka faɗa musu gaskiyar lokacin da za ka iya bayarwa, ko sau biyu ne a wata, don su san ranakun da za su sa ka a jadawali.