Siffofin Allah da Halayen Bawa: Nasiha ga 'Yan'uwana Matasa

A wata majalisa da ke kusa da Hubbare, bayan sallar la'asar, na ji wani matashi yana kare zafin da yake yi wa yaran shagonsa da cewa ai Allah ma Mai tsananin uƙuba ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin akwai gaskiya a cikinta, amma an ɗora ta a inda ba muhallinta ba.

Babu shakka akwai siffofin Ubangiji da aka umarce mu da neman rabonmu daga ma'anarsu. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarr, Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci, sannan ya sanya shi haramtacce a tsakaninmu, wato ya fara da kansa kafin ya ɗora mana. Haka kuma lokacin da Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba saboda hannun da ya sa a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira zuwa ga afuwa, tana tambaya ko ba ku son Allah ya gafarta muku. Abubakar ya ce yana so, ya mayar da ciyarwar. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan rabon bawa daga kowane ɗaya cikin sunaye 99.

Sai dai akwai siffofin da suka zama kamala ga Allah, amma halaka ne ga bawa. Sunan Al-Mutakabbir, wato Mai nuna girma, yabo ne ga Allah, alhali girman kai shi ya fitar da Iblis daga rahama. Aya ta 23 ta Suratul Anbiya ta ce ba a tambayar sa abin da yake aikatawa, su ne ake tambaya, saboda haka maigida ko shugaban da ya ƙi a tambaye shi ya ari rigar da ba tasa ba. Uƙubar Allah tana tafe ne da ilimin da ya kewaye zahiri da baɗini, kai kuwa ko abin da yaronka ya kwana da shi a zuciya ba ka sani ba. Wannan ne ya sa aka aiko mana abin koyi daga cikinmu, wato Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutum mai jin yunwa da gajiya, wanda Anas ya yi wa hidima shekara 10 bai taɓa ce masa tir ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda muke raba wuta da aljanna a Facebook, a kan wanda aka binne jiya da safe. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wanen, ya rushe aikin mai rantsuwar.