Kafin a Kunna Na'urar Gashi, a Yi wa Namiji Maganar Haihuwarsa

A duk jikin namiji, 'ya'yan maraina suna cikin sassan da hasken gashin cutar daji ya fi saurin yi wa illa, kuma likitoci sun san haka fiye da shekara ɗari. Tun a 1903 wani likitan Jamus, Albers-Schönberg, ya nuna cewa hasken eksire yana hana zomaye maza haihuwa. A 1906 kuma Bergonié da Tribondeau na Faransa, bayan gwaji a kan marainan ɓeraye, suka kafa ƙa'idar cewa ƙwayoyin halittar da ke yawan rarrabuwa su ne suka fi rauni a gaban wannan haske, ga shi kuwa ƙwayoyin da ke zama tushen maniyyi ba sa daina rarrabuwa daga balaga har tsufa.

Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira gire. Gire 0.15 kacal ya isa ya rage maniyyin namiji na ɗan lokaci, tsakanin 3.5 zuwa 6 kuwa yana iya yanke haihuwa baki ɗaya, alhali ƙarin daji ɗaya ana iya ba shi gire 50 ko fiye. Wani ɓangare na wannan ilimi ya fito ne daga gwajin da aka yi wa fursunoni a jihohin Oregon da Washington na Amurka daga 1963, inda aka haska marainansu da gangan, abin da ba wani mai imani da zai amince da shi a yau.

Sai dai kisan da hasken ke yi wa ƙwayoyin kai tsaye ba shi ne dukan labarin ba. A cikin maraina akwai wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokayin, waɗanda garkuwar jiki ke aika saƙo da su daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ƙwayoyin Sertoli, masu renon maniyyi tun yana ɗanye, suna fitar da ɗaya daga cikinsu mai suna IL-1 ko da mutum lafiyarsa ƙalau, kuma su ne suke gina shingen da ke raba maniyyi da jini don kada garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta far masa. Idan rauni ya tayar da kumburi, saƙonnin sai su rikice. An nuna a dabbobi cewa yawaitar wasu saitokayin biyu, TNF da TGF-beta, tana sassauta wannan shinge, kuma TNF da IL-1 suna rage sinadarin mazakuta da ƙwayoyin Leydig ke samarwa. Wanda ya taɓa ganin yadda hangum ke sauka wa baligi a maraina ya san abin da kumburi kaɗai ke iya yi a wurin.

Binciken wani masani, Marvin Meistrich, a birnin Houston na Amurka ya ƙara fito da wannan fili. A wasu ɓerayen da aka haska, ƙwayoyin tushen maniyyi sun rayu, amma suka tsaya cik ba su ci gaba da girma ba, domin muhallin da ke kewaye da su ne ya lalace, kamar iri mai kyau a gonar da ta gaji. Da aka danne sinadarin mazakuta na ɗan lokaci, sai aikin ya farfaɗo. Da aka gwada makamancin haka a mutane, sakamakon bai gamsar ba. A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara, musamman da masu tallar magungunan da suke cewa suna kashe kumburi su dawo da haihuwa. Wannan IL-1 ɗin da ake zargi, shi ne aka nuna tun a 1986 cewa yana kare ɓeraye daga mutuwa idan aka ba su shi kafin a haska su. Sinadarin da ke gyara a wani wuri yana ɓatawa a wani, ba a toshe shi da ka, kuma har yanzu babu maganin saitokayin da aka tabbatar yana kare haihuwar namiji daga gashi.

Abin da aka tabbatar tsoho ne kuma mai sauƙin fahimta. Ana rufe maraina da garkuwar dalma idan wurin da za a gasa yana kusa, ana kuma daskarar da maniyyi a ajiye kafin a fara magani, hanyar da aka samu ciki na farko da ita tun a 1953. Za a ce mai daji ta ransa yake yi, kuma a ƙasar da na'urorin gashi ba su da yawa, inda majinyaci ke tasowa daga nesa zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja ya bi layi, maganar ajiye maniyyi ta masu hali ce. Akwai gaskiya a ciki, amma bayani ba ya cin ko kwabo, kuma saurayin da ya warke yana da shekaru masu yawa a gabansa da zai so aure da 'ya'ya.

Bayanin yana da wani muhimmanci na daban a wurinmu. Ƙwayoyin Leydig sun fi jure wa haske nesa ba kusa ba, sai an kai wajen gire 20 zuwa 30 kafin su gaza, kuma mafi yawan ruwan da namiji ke fitarwa ba daga maraina yake zuwa ba. Saboda haka mutum na iya gama gashi da ƙarfinsa da sha'awarsa, ruwan ma yana nan yadda ya saba gani, alhali babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki. Shekara biyu, uku, shiru, sai dangi su juya kan matar, a yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe, wataƙila ma a yi mata kishiya. Ya kamata duk asibitin da ke gashi ya sanya a ƙa'idarsa cewa za a faɗa wa namiji wannan kafin zaman farko, a shawarce shi ya jinkirta neman haihuwa na tsawon lokacin da likitansa ya tsayar, sannan a rubuta masa ranar dawowa gwajin maniyyi a jikin katin sallamarsa.